Farantin Koci

An yi ruwa a Alƙahira ranar Talatar da ta wuce, azumi na da kwana shida. Ba wani ruwan a zo a gani ba ne. In a gida ne, ko shanya ba za a yi gaggawar kwashewa ba. Amma garin nan ba a gina shi da tunanin ruwan sama ba, don haka kafin la'asar titin gaban gidanmu a Hayyus Sabi' ya zama kududdufi, ƙananan motocin haya suna ratsawa suna watsa wa masu shaguna taɓo. Na soke atisayen ranar. Na tura wa 'yan wasana saƙo ta waya, kafin in ajiye ta duk sun amsa da "tamam, ya kabtin", wato "to, koci", abin da ya nuna mini dama jira suke yi. Na jawo kujera bakin taga, na yafa bargo, na zauna ina kallon ruwan.

Azumi yana zagaya shekara a hankali, sai bayan shekara talatin da uku yake komowa inda ya baro. Na yi shi a garin nan cikin zafin da kwalta ke laushi a ƙarƙashin takalmi, na yi shi a tsakiyar sanyi. Bana ya komo daidai inda na same shi ina ɗan shekara ashirin da shida: ƙarshen sanyi, iska mai shiga ta ƙasan ƙofa, sama a murtuke. A azumin nan na zama koci, kuma a cikinsa aka ware mini faranti.

Karatun Larabci ya kawo ni Masar, ƙwallo kuwa da ita na zo a ƙafa tun daga filin makarantarmu a Katsina. Shekara huɗu ina buga tsakiya, a ƙungiyar kwalejinmu tare da Misirawa, da kuma a ƙungiyarmu ta Hausawa, wadda ta haɗa 'yan Najeriya da 'yan Nijar da Hausawan Sudan. Ba ni da gudu, amma nakan ga inda ƙwallo za ta je kafin ta tafi. A shekara ta huɗu wani ɗan baya ya faɗo mini a gwiwar hagu. Likitan da ya duba hoton ƙashin ya ɗaga shi sama, ya kalle shi ta hasken taga, ya ce, "Khalas," wato shi ke nan. Ban nemi ƙarin bayani ba.

Mu shida ne a gidan hayar da muke ciki a Madinat Nasr, hawa na huɗu. Ƙasan ɗakunan tayil ne, da asuba kamar ka taka ƙanƙara. Ba mu da na'urar ɗumama ɗaki. Da safa muke kwana, wasu har da hular sanyi, ruwan alwala kuwa sai an dafa a buta an surka, kuma wanda ya zo na shida na sanyi yake samu. Tukunyar gas takan ƙare ne a ranar da aka fi bukatarta. Sai a kasa kunne a ji mai sayarwa yana buga ƙarfe a jikin tukwanensa daga ƙasan layi, ɗaya daga cikinmu ya leƙa ta baranda ya kira shi.

Kowa da aikinsa a azumi. Ni ne mai bin layin burodi. Bayan azahar nakan sauka da sandar dogarawa, in tsaya a gaban gidan gashi tsakanin matan unguwa da masu gadin gidaje, in karɓo aish, burodin Misirawa, mai zafi a kan ragar kara, in rungumo shi a ƙirji. Ɗumin burodin nan shi ne ɗumi na farko da jikina ke ji a yini, ƙamshinsa kuma shi ne jarabawar azumin gaba ɗaya. Wani ya jiƙa zoɓo, wani ya gyara wake, wani ya yanka albasa. Tuwo kuwa Yaya Lawal kaɗai ke tuƙawa, da garin alkama, don ya ce sauranmu kunu muke yi muna kiransa tuwo. Kukar da aka aiko masa daga Zariya a ƙulle take cikin akwatinsa, da cokali yake auna ta. Nama sau biyu a mako, kuma in ya zo yanka shida ne, ba ƙari.

Muna da wani babban tire na goran ruwa, gefensa duk ya lotse. Ba wanda ya san wanda ya saye shi, a gidan muka tarar da shi, waɗanda muka gada su ma tarar da shi suka yi. A sauran watannin shekara a saman kabad yake kife, saboda lacca ta raba mu, kowa yana cin abin da ya samu a lokacin da ya samu. Daren ɗaya ga azumi ake sauko da shi a wanke. Wata guda cur za mu kewaye shi mu shida, gwiwa na gugar gwiwa, rediyo a taga muna jiran ƙarar igwar buɗa-baki. Ba mai kai hannu sai Yaya Lawal ya gutsuri burodin farko ya ce bismillah.

Yaya Lawal shi ne mai tarbata. Wanda bai yi karatu a nan ba ba zai gane nauyin wannan ba. Duk ɗalibin da ya sauka a filin jirgi, akwai wani tsohon ɗalibi da ke zuwa ɗaukarsa, ya ba shi gefen katifarsa, ya bi shi ofis-ofis har takardar zama ta fito, ya koya masa yadda ake tsayar da mota da hannu da yadda ake ce wa mai shago ya rage. Daga ranar ya zama yayanka. Ba ka wuce shi a ƙofa, ba ka musa masa a gaban mutane. Yaya Lawal ya tarbe ni ina sanye da 'yar shara a watan da ake tsananin sanyi, ya cire rigar sanyinsa a bakin filin jirgin ya ba ni, ya ce, "Ƙanena, wa ya ce maka Masar duk hamada ce?" Da zazzaɓi ya kwantar da ni a shekarar farko shi ya yi jinyata. Shekararsa tara a ƙasar, yana rubuta kundin digirinsa na biyu, kuma kowa ya san wannan ne azuminsa na ƙarshe tare da mu.

Shi ne kuma lamba tara a ƙungiyar Hausawa. A wurinmu riga ba da gudu ake samunta ba, da daɗewa ne. Wanda ya fi kowa shekaru a Masar shi ke buga gaba, shi ke ɗaura ƙyallen kyaftin, sabon zuwa kuma ya zauna a gefe ya riƙe wa manya rigunan sanyi har shekararsa ta zo. Kowace shekara ana gasar azumi tsakanin ɗaliban ƙasashe a filin ƙasa da ke bayan ɗakunan kwanan ɗalibai, a fara bayan la'asar a tashi kafin magariba. Kowace shekara kuma a zagayen farko ake fitar da mu, mu dawo gida muna dariya muna zagin alƙalin wasa.

Yaya Lawal ne da kansa ya naɗa ni. Muna zaune a bakin tire a ranar biyu ga azumi, ya nuna ni da gutsuren burodi.

"Tunda gwiwa ta ƙi, Habibu zai riƙa tsaya mana a gefe yana faɗa mana abin da muke yi ba daidai ba. Dama bakinsa ya fi ƙafarsa aiki."

"A ba shi usur, ya zol," in ji Usman, Bahaushen Sudan da ke ɗaki ɗaya da ni, wanda bai cika shekara biyu a Masar ba, kowa kuma a bakinsa "ya zol" ne, wato "mutumina". "Koci ba usur ai ɗan kallo ne."

"Usur na alƙali ne, jahili."

"To a ba shi tumbi. Duk kocin da na gani a talabijin yana da tumbi."

"A wannan gidan? Da wane naman?"

Aka yi dariya, aka shafa fatiha a kai cikin wasa. Ni kaɗai ban ɗauke shi wasa ba.

Wasanmu na farko da 'yan Indonesiya ne, aka tashi ba ci. A ranar na gano cewa wanda ke tsaye a gefen fili wani wasa yake gani dabam da wanda ke ciki. Shekara huɗu ina tura wa Yaya Lawal ƙwallo, in ta wuce shi sai in ce ni na yi ƙarfi. Daga gefe na ga gaskiyar: kowace ƙwallo taku biyu take riga shi. Bayan minti ashirin ya dafa gwiwoyinsa, numfashinsa na fita kamar hayaƙi cikin sanyin nan, leɓɓansa sun bushe sun yi fari. A kusa da ni Usman na tsaye da rigunan sanyi goma sha ɗaya a hannu, ƙafarsa na motsi ita kaɗai duk sanda ƙwallo ta zo bakin raga. Na san gudunsa, kullum shi nake turawa ya cim ma mai gas in ya wuce layinmu.

Akwai hanyar da ake bi, kuma na san ta. Babba ba a cire shi. Ana samunsa ne a ɗaki shi kaɗai, a gaishe shi, a yi zancen karatu da na gida, sannan a ce masa ana neman shawararsa a kan yaran nan da ke zaune a gefe. Shi zai gane. Washegari shi da bakinsa zai ce wa jama'a bayansa ya riƙe, a gwada wane. Haka na ga an yi wa wani ɗan Damagaram a shekarata ta biyu, ya sauka da girmansa, har aka riƙa roƙonsa ya daure.

Ban bi ta nan ba. A ƙungiyar kwaleji kocinmu Bamisire takarda yake liƙawa a ƙofa, wanda ya ga sunansa ya sa takalmi. A lokacin kuma na fara aikin wucin gadi a sashen Hausa na gidan rediyo, kwana biyu a mako, ina fassara labarai, wani lokaci a ba ni in karanta. A can an koya mini a faɗi labari a jimlar farko, ban da kewaye-kewaye. Shekaru da yawa da waɗannan biyun nake ba kaina uzuri. Gaskiyar ta fi haka gajarta. Sau uku ina zuwa ƙofar ɗakinsa, in hango shi zaune a kan darduma da littattafai kewaye da shi, in juya. Takarda ba ta kallon mutum a ido.

Safiyar goma ga azumi, bayan sallar asuba, na rubuta sunaye goma sha ɗaya na liƙa a ƙofar kicin. Lamba tara, Usman. A ƙasa, inda na rubuta masu jiran canji, sunan Yaya Lawal ne na farko.

Yaya Lawal ya fito da buta a hannu zai ɗora ruwan wanka. Ya tsaya ya karanta daga sama har ƙasa, sauran mutanen gidan na tsaye a bayansa. Ya daɗe fiye da yadda sunaye goma sha ɗaya ke bukata.

"Rubutun ya yi kyau," ya ce. Ya tura ƙofar ya shiga.

Da yamma muka buga da 'yan Somaliya. Yaya Lawal ya zo filin a kan lokaci, ya karɓi rigunan sanyin daga hannun Usman, ya tsaya da su a gefe. Usman ya ƙi sakin rigunan sai da ya daka masa tsawa. Muka ci biyu da nema, duka biyun Usman ne.

Muka iso gida saura minti goma a sha ruwa, jiki duk ƙasa, maƙogwaro kamar an zuba toka. Na wanke hannu na nufi wurin zamana a bakin tire, tsakanin Usman da bango. Sai na ga an matsa an cike gurbin. Yaya Lawal ya miƙe, ya ɗauko wani farantin tangaran da muke ajiye wa baƙi, an zuba tuwo an gyara shi, da kofin zoɓo da dabino uku a gefe.

"Bismillah, Koci. An kai maka kujera ɗaki."

"Yaya, ni a nan zan ci."

"Haba. Ina ka taɓa ganin koci na cusa hannu a kwano ɗaya da 'yan wasansa? Raini ke nan. Gobe ka ce wane ya zauna a benci, ya tuna jiya kun yi rububin loma."

"Yaya, don Allah."

"Girma ne, ai ba a ƙin girma. Usman, riƙe masa kofin."

Ba wasa a muryarsa, ba kuma fushi. Da ya zage ni da na san abin yi. Na karɓi farantin da hannu biyu, na shiga ɗaki. Igwar ta tashi a rediyo ina zaune a gaban teburin karatuna, fuskata na kallon bango.

Haka aka ci gaba. Layin burodi ma aka karɓe mini, wai bai dace koci ya tsaya a layi da ciwon gwiwa ba. Da asuba ruwan alwalata ne na farko, mai zafi, an ajiye a ƙofar banɗaki. Ranar nama, tsokar da ta fi kowace girma a farantina take. In na shigo falo ana hira sai a gyara zama, a ce "sannu da fitowa, Koci", hirar ta mutu. Ba wanda ya sake kirana Habibu. Bangon da ke tsakanin ɗakinmu da falo siriri ne, ina jin komai: ƙarar cokali a jikin tire, gardamar wanda ya ci gefen wani, Yaya Lawal yana kwaikwayon malaminsa na Nahawu. Abinci a farantin tangaran saurin hucewa yake yi. A tire tuwo kan riƙe zafinsa har loma ta ƙarshe saboda yawansa, nawa kuwa kafin in gama addu'a ya daskare, miyar ta yi fata a sama. Yunwar yini guda tana nan, amma sai in tura rabi in bar rabi.

Yanzu 'yan wasana ba su san irin wannan tiren ba. Kowa da wayarsa yake kiran abinci, a kawo masa a kwali da sunansa a jiki. Filin da muke atisaye ciyawar roba ce, ruwa ba ya kwanciya a kai, akwai fitilu, don haka bayan tarawihi suke son buga wasa da cikinsu a cike. Sau ɗaya a azumi kwalejin kan shirya mana buɗa-baki a wani gidan abinci a Zamalek, a can ma teburina dabam ne, ni da shugabannin sashe, 'yan wasan suna can ƙarshen ɗaki suna hayaniyarsu. Shekara talatin da ɗoriya ke nan ina wannan aiki, daga ƙungiyar baƙin ɗalibai zuwa babban kocin kwalejin gaba ɗaya. Na cire 'yan wasa da yawa. Kowannensu a ofis nake kiransa, in rufe ƙofa, in faɗa masa ina kallonsa. Wasu sukan yi kuka, wasu su fita su buga ƙofa. Iyalina sun koma Katsina tun da yara suka isa shiga sakandare, ni nake dafa shayina.

Wata rana a goman tsakiyar wancan azumin na hau rufin gida na tarar da Usman yana shanya rigunan wasa. Kwana biyu suke yi ba su bushe ba a wannan yanayi, sau da yawa da danshinsu ake sa su.

"Kai ma ka daina yi mini magana?" na ce.

"Ni? Ni da kake jin minsharina kullum." Ya matse wata riga. "Ya zol, ka san ni ma ba daɗi nake ji ba. Duk ƙwallon da na ci, shi ke fara tafawa. Gara ya mare ni."

"Na yi kuskure da na sa ka?"

"Sa ni daidai ne. Kowa ya sani, shi ma ya sani. Tun bara yake cewa bayansa na damunsa, jira yake a tambaye shi." Ya rataya rigar. "Taku nawa ne daga ɗakinmu zuwa nasa? Ko da gurguwar ƙafarka."

"To yanzu fa?"

"Ka ɗauko farantinka ka juye a tire ka zauna. Zai kore ka ne a gaban abinci? Ka ce masa ka tuba, khalas."

"Bari a gama gasar. In na yi yanzu zai ce ina so in mayar da shi fili ne don kunya."

"Kai dai ka cika lissafi," in ji Usman.

Muka fitar da 'yan Mali, muka fitar da 'yan Malesiya da bugun fenareti. Wasan ƙarshe ya faɗo ranar ashirin da bakwai, da 'yan Senegal, mutanen da kowannensu ya fi dogonmu tsawo. Tun azahar ake yayyafi, da aka fara wasa ya zama ruwa sosai. Filin ya koma taɓo, layukan farar ƙasa suka wanke, ƙwallon ta sha ruwa ta yi nauyi, wanda ya sa mata kai sai ya dafe goshi. 'Yan wasa suna gudu da baki a rufe don kada ruwa ya shiga, mai tsaron gidanmu yana ta tofarwa. Yatsuna sun ƙage, gwiwata na zugi. Taku biyar daga inda nake Yaya Lawal na tsaye, ya tattara rigunan sanyin a ƙirjinsa ya sunkuya a kansu don kada su jiƙe, ruwa na bin ƙeyarsa yana shiga wuyan rigarsa. Saura kaɗan a tashi, ƙwallo ta maƙale a wani kududdufi a gaban ragarsu, ɗan bayansu ya wuce ta da santsi, Usman ya iso ya tura ta ciki da tsinin takalmi.

Ba mu taɓa cin kofi ba sai ranar. Jami'in wasanni na kwalejin, wani Bamisire mai furfura da ya zo kallo da lema, ya kama hannuna ya ce in zo ofishinsa bayan salla, yana da ƙungiya da ke neman mai horarwa. Daga nan aikina ya fara. Yaya Lawal ya raba wa kowa rigarsa a bushe, sannan ya zo ya ba ni hannu, ya ɗan rusuna kamar yadda ake yi wa manya.

"Barka, Koci. Ka ga abin da ka gani, kuma ka yi gaskiya."

A daren an yanka kaza biyu. An aiko mini da ƙirji.

Na zauna na tsara yadda zan yi. Ranar ashirin da takwas ta yi kusa da nasara, kofin na nan a kan talabijin, zai zama kamar wanda ya ci yaƙi ne ya zo yin afuwa. Ranar ashirin da tara ina da aiki a rediyo, a can zan sha ruwa. Saura ranar talatin, buɗa-bakin ƙarshe, wanda dama a cikinsa ake yafe wa juna. Na shirya kalmomin, na gyara su kamar yadda nake gyara labari, na cire duk wata jimla mai kama da kare kai. Abin da ya rage bai fi layi biyu ba. Zan juye farantin a tire, in durƙusa a gefensa, in ce, "Yaya, ni ne Habibun da ka ba riga. Na yi maka rashin kunya, ka yafe mini." Na maimaita shi a motar haya har na haddace.

Ranar ashirin da tara na sha ruwa a barandar sashenmu da dabino biyu da shayin da mai share ofis ya ba ni. Kogin Nilu na ƙasa, ya yi launin toka, titunan gaɓarsa babu kowa. Na shiga ɗakin watsa shiri da takarduna. Ina tsakiyar labari na uku mai kula da shirin ya turo ƙofa a hankali, ya ajiye wata 'yar takarda a gabana da Larabci, ya yi mini alama da yatsa in karanta yanzu. Na fassara ta a kaina kamar yadda aka koya mini, na ce wa masu sauraro labarin da ke shigo mana yanzu na cewa an ga jinjirin watan Shawwal a ƙasar Masar, gobe take salla. Na yi musu barka. Na koma labari na huɗu.

Da na fito tituna sun cika, yara na harba 'yan tartsatsi, shagunan kayan zaƙi sun yi layi. Na hau benen nan hawa huɗu ina jan ƙafa. Falon a share yake, an naɗe tabarmar cin abinci. Tiren na saman kabad a kife, an wanke shi, ruwa bai gama ɗiga daga gefensa ba. Yaya Lawal na durƙushe a ƙasa ya shimfiɗa bargo yana goge babbar rigarsa ta salla.

"Mun kamo ka," ya ce, bai ɗago ba. "Sai da Usman ya riƙe wayar rediyon a taga. Ko tuntuɓe ɗaya ba ka yi ba."

"Yaya," na ce.

Ya ɗago, dutsen guga a hannu, yana jira. Sauran na shiga suna fita, wani na neman hularsa, wani na tambayar wa ya ɗauki madubi. Kalmomin da na haddace an yi su ne don bakin tire, da faranti a hannuna. A tsaye, hannu wofi, na neme su na rasa ta inda zan fara.

"Allah ya maimaita mana," na ce.

"Amin, Koci. Kawo rigarka in haɗa in goge. Naka na ɗaki, an ajiye maka."

Na shiga. Farantin na kan teburin karatu, an kife wani a kansa don ƙuda. Tuwo ne da miyar kuka, kukarsa ta ƙarshe, da tsoka biyu. Ya yi sanyi ƙalau. Na ja kujera na zauna, na cinye shi duka.